Akwatin Masu Karatu: Zagayen Tafkin Derwentwater a Ƙarshen Kaka

Saƙonnin wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk a kan yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila suke, yawanci daga ɗalibanmu da ke karatu a can, ɗaya kuma daga wani uba a gida wanda hankalinsa bai kwanta ba. Na haɗe waɗanda suka yi kama da juna, na rage wa wasu tsawo.

Tambaya: Slm Malam, ya aiki ya sanyi. Ni ɗaliba ce a Mancesta, mu huɗu ne muke so mu ɗan fita daga garin nan ko na kwana ɗaya ne don wlh karatu ya ishe mu, wata 'yar ajinmu ta ce mu je Keswick mu zagaya tafkin Derwentwater a ƙafa, matsalar sai ƙarshen Nuwamba za mu samu sarari. Wasu sun ce lokaci ya wuce ganye ya zube ba abin gani sai sanyi. Mu je ko mu haƙura sai lokacin zafi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ku je abinku. Masu cewa lokaci ya wuce rabin zancen suka gaya muku, eh ganyen nan ja da rawaya da ake rububin ɗauka a hoto a Oktoba yawanci ya riga ya sauko ƙasa, amma ai cunkoson ma ya tafi tare da shi, hanyar da a Agusta sai kin yi ta kauce wa mutane da karnukansu, a ƙarshen Nuwamba sai ki yi tafiya mai nisa ba ki gamu da kowa ba sai tumaki. Kuma sai ganyen ya zube ne ma ake hango ruwan tafkin ta tsakanin itatuwa, da kawunan duwatsu irin su Skiddaw mai tsayin mita 931 wanda sau da yawa a lokacin ya fara ɗaura farin rawanin ƙanƙara.

Abin da nake so ki riƙe shi ne a wannan lokacin ba ku ke tsara tafiyar ba, haske da ruwa ne ke tsara ta. Zancen ruwa yana zuwa a tambaya ta gaba, bari mu yi na haske. Tun Lahadin ƙarshe ta Oktoba an mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas na safe kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. Zagayen tafkin kilomita 16 ne, hanyar ba hawa sosai, amma ku huɗu da hoto da cin abinci da "tsaya in ɗaure takalmi" ku ƙiyasta awa biyar. Ke nan in ƙarfe goma ta yi ba ku ɗauki hanya ba kun makara. Keswick kuma ba ta da jirgin ƙasa tun 1972, sai dai ku sauka a Penrith, kamar awa ɗaya da rabi daga Mancesta, sannan ku hau bas X4 ko X5 wajen minti 40. Lissafa da kanki. Ni dai da za ku iya haɗa kuɗin ɗaki ku kwana a Keswick ya fi muku kwanciyar hankali a kan sammakon asuba da gudun kar jirgin dawowa ya wuce.

Ku fara da gaɓar yamma. Daga tsakiyar gari akwai hanyar ƙafa da ta ratsa filayen kiwo zuwa ƙauyen Portinscale, za ku haye wata 'yar gadar ƙafa mai rataye a kan kogin Derwent, daga nan hanya ta shiga daji ta Nichol End da Lingholm har Hawes End a gindin dutsen Catbells. Hasken safe a wannan gefen yake sauka, da rana ta karkata kuwa duwatsun yamma ke tare ta gefen ya yi inuwa da sanyi tun da wuri, sannan titin mota da bas mai lamba 78 a gefen gabas suke, to gara gajiya ta same ku a inda za ku iya tsayar da bas. Catbells ɗin kuma, na san cikin ku huɗu ba za a rasa mai cewa ai mita 451 ne kawai mu hau mu sauko ba, kar ku biye mata, ba a haɗa shi da zagayen a gajeriyar rana irin wannan.

Bayan Hawes End sai dajin Brandelhow, nan ne za ku rage sauri. Itatuwan da Turawa ke kira oak ne tsofaffi, kuma saboda laima ba ta barin wurin komai ya sa riga kore, gansakuka ta lulluɓe gindin itace da duwatsu da katangun nan da ake ginawa ba siminti, in kika danna ta da yatsa sai ta nutse ruwa ya fito kamar soso. Ƙasa kuwa ganye ne jiƙaƙƙe launin ƙasa-ƙasa, da kyau a ido amma akwai santsi, saiwoyi na ɓoye a ƙarƙashinsa. Wannan dajin shi ne fili na farko da National Trust, ƙungiyar kula da filaye da gine-ginen tarihi, ta saya a yankin, a 1902, da kuɗin karo-karo na jama'a, don kar a yanka shi filaye a gina gidaje a rufe wa talaka bakin ruwa. In kuna da rabo za ku ga jan kuregen nan na kan bishiya wanda ya ɓace a mafi yawan Ingila amma har yanzu yana nan.

Daga nan sai fadamar kan tafkin, sai Lodore inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a bayan otal, sai ku juyo arewa ta gaɓar gabas, wani wuri bakin ruwa wani wuri gefen titi, har Calfclose Bay inda akwai wani dutse da aka tsaga biyu aka sassaƙa cikinsa a 1995 lokacin da National Trust ta cika shekara 100. In kun kiyaye lokaci faɗuwar rana za ta same ku a Friar's Crag, wani ɗan tudun dutse da ya kutsa cikin tafkin, daga nan minti goma zuwa sha biyar ne ku shiga gari.

Kaya kuma a taƙaice, banda jins banda rigar auduga a jikin fata, don in suka jiƙe ba sa bushewa sai su yi ta zuƙe miki ɗumi. Riguna biyu uku marasa nauyi a kan juna, renkot na gaske, takalmi mai kaushin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, safar hannu, filas na shayi, tocila ko da kina ganin ba za ki buƙata ba. Lema ki bar ta a gida, iskar wurin ba ta san darajarta ba.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a Bradford. Na ga hoto a Facebook wai na ƙarshen tafkin nan ne, ƙyauren shinge tsaye a tsakiyar ruwa kamar an dasa shi, hanya ta nutse gaba ɗaya. Gsky ne haka wurin yake ko haɗi ne? In mutum ya je ya tarar da haka ya zai yi, ya cire takalmi ya ratsa?

Amsa: Ba haɗi ba ne ɗan'uwa, kuma kar ka ratsa.

Wurin da kake magana shi ne kudancin tafkin, inda kogin Derwent yake shigowa daga kwarin Borrowdale. Can ƙarshen kwarin akwai wani ɗan ƙauye Seathwaite, shi ake kira wurin da ya fi ko'ina ruwan sama cikin wuraren da mutane ke zaune a Ingila, kamar milimita 3,500 a shekara, alhali Keswick da ba ta kai kilomita 15 daga nan ba ko rabin haka ba ta samu. Iska ce ke kwaso laima daga Tekun Atilantika, ta zo ta ci karo da manyan duwatsu irin su Scafell Pike da Great Gable, dole ta hau sama ta yi sanyi ta sauke kayanta. Duwatsun kuma ba su da ƙasa mai kauri da za ta shanye ruwan, to duk abin da ya sauka cikin 'yan awanni ya gangaro kogi, kogin ya kawo shi tafkin da dama ba zurfi ne da shi ba, inda ya fi zurfi mita 22. Shi ya sa ruwan dare ɗaya kan iya sa tafkin ya haye matsayar jiragen ruwa ya bazu cikin filaye. Fadamar ma kanta kogin ne ya gina ta da tsakuwa da lakar da yake kwasowa tun bayan zamanin ƙanƙara, irin wannan cikon ne a arewa ya raba Derwentwater da tafkin Bassenthwaite, da can ruwa ɗaya ne.

Ranar da ruwa ya ja baya, a ganina nan ne wuri mafi kyau a duk zagayen, ya fi Friar's Crag da ake ta yayatawa. In ka fito daga dajin Manesty sai itatuwa su ƙare fili ya buɗe, an shimfiɗa hanyar alluna ɗage da ƙasa kaɗan tana lanƙwasa cikin ciyawa. Ciyawar a Nuwamba ta koma ja-ja da ruwan zuma, ruwan da ke ƙarƙashin allunan kuma baƙi ne wuluk saboda ruɓaɓɓen tsiron da ya ratso, amma in ka duƙa ka leƙa garau yake har kana ganin ganyen da ya nutse. Zalɓe na tsaye can da ƙafa ɗaya ko kallo ba ka ishe shi ba. Ka waiwaya arewa tafkin ne gaba ɗaya da Skiddaw a bayansa, ka juya kudu kwarin ya tsuke tsakanin duwatsu biyu, wurin da suke kira Jaws of Borrowdale. Ƙarshen allunan akwai gadar ƙafa a kan kogin wadda kowa ya sani da Chinese Bridge. In safiyar ta yi jaura allunan kan yi santsi, ka taka a hankali hannu waje ba cikin aljihu ba.

In kuwa ka iso ka ga ruwa ya hau hanya, to ka juya ka bi titi zuwa ƙauyen Grange ka haye ta gadar dutse, ƙarin tafiya ce ta kamar kilomita biyu zuwa uku, ka sa ta cikin lissafin haske tun daga gida. Ruwan da kake gani kamar iya gwiwa ne, ba ka san inda allon ya ƙare rami ya fara ba, kuma sanyinsa a Nuwamba cikin mintuna kaɗan ƙafa ke daina jin maganarka. Wani lokaci titin ma kansa ruwa kan tare shi, ranar sai haƙuri.

Mutanen wurin ba sa wasa da wannan watan. A Nuwamba 2009 Seathwaite ta samu fiye da milimita 300 cikin awa 24, ruwan ya bi kogin Derwent ya mamaye garin Cockermouth ya karya gadoji a Workington har wani ɗan sanda ya rasa ransa. A Disamba 2015 kuma guguwar da aka sa wa suna Desmond ta sauke milimita 341.4 cikin awa 24 a Honister, sama da Borrowdale kaɗan. Don haka ka duba hasashen yanayin duwatsu na Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, kuma ba na ranar tafiyar kaɗai ba, ka duba abin da aka yi kwana biyu kafin nan, rana na iya haskawa tar alhali ruwan shekaranjiya ne ke kwance a hanya. In wani abu ya faru a kira 999 a nemi 'yan sanda a ce ana son masu ceto na dutse, 'yan sa-kai ne ba sa karɓar ko sisi. Sabis ɗin waya a cikin kwarin sai a hankali, ka sauke taswira a wayarka tun kana gari.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yara biyu ne, ga kuma mahaifiyarsa da ta zo mana ziyara daga gida, ba za mu iya kilomita 16 ba. Ƙauyukan nan na cikin kwari muke son gani, akwai hanya mai sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, a gaida Mama da sanyi. Akwai. Bas 78 ɗin nan daga Keswick yake tashi ya bi gaɓar gabas ya shiga kwarin har Seatoller, kallon ta taga kaɗai ya isa kuɗin tikiti. In Mama na da ƙarfin ƙafa ku sauka a Rosthwaite ku biyo kogi ku dawo Grange, kamar kilomita huɗu, kogin na gefenku da ruwansa kore-kore garau, hanyar ta bi ta gindin Castle Crag inda tarin fasassun duwatsun tsohuwar haƙa suke. Akwai 'yan wurare masu duwatsu da keken jariri ba zai wuce ba, goyo ya fi. In kuma gwiwa na damunta ku sauka a Grange kawai ku zaga.

Grange ƙaramin wuri ne, gidajen baƙin dutse da wasu masu farin fenti, ɗan coci, da gada mai baka biyu da aka gina a 1675, kogin ya rabu biyu a ƙarƙashinta da tsibirin tsakuwa a tsakiya, yara za su so jifa a nan. Asalinsa gandun noma ne na 'yan zuhudun Furness Abbey waɗanda suka mallaki wannan ɓangaren kwarin tun ƙarni na 13. Gaba kaɗan da ƙauyen akwai Bowder Stone, wani ƙaton dutse mai tsayin kusan mita 9 da ya tsaya a kan gefensa kamar yanzu zai faɗi, an sa masa tsani ana hawa, ku riƙe yaran da kyau don matakan kan jiƙe.

Kar ku sa ran kasuwa ko hayaniya. Shagunan shayi da dama kan rage awanni ko su rufe in lokacin baƙi ya wuce, ku tafi da abincinku. Za ku kuma lura gidaje da yawa ba fitila da yamma, na haya ne ga masu hutu ko gida na biyu na masu kuɗin birni, 'ya'yan wurin da yawa ba sa iya sayen gida a ƙauyen da aka haife su. Wannan ba ya fitowa a hoton kati amma da mai gona za ku zanta shi zai fara kawowa.

In ruwa ya ɓata muku rana ku kai yaran gidan tarihin fensir a Keswick. A Seathwaite ɗin nan aka gano baƙin dutsen da ake zuciyar fensir da shi tun ƙarni na 16, makiyaya suka fara shafa wa tumaki shaida da shi, daga baya ya yi tsadar da sai da aka sa masu gadi da bindiga, majalisa ta yi doka a 1752 a kan satarsa. Akwai fensir a cikin gidan tarihin mai tsawon kusan mita 8.

Tambaya: Malam ni dattijo ne a Kano. 'Yata da na tura karatu ta bugo waya wai za su je su zagaya wani tafki a ƙafa cikin sanyi. Na ce wa za ku gani a can ta ce ba kowa, me za ku sayo ta ce ba komai. To tafiyar ta mece ce? Ko dai akwai abin da take ɓoye min?

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, kwantar da hankalinka, in dai wannan ne ba abin da take ɓoyewa. Tambayarka kuma ba ta wauta ba ce, wanda ya tashi inda ake tafiyar ƙafa don dole ba zai ga dalilin biyan kuɗin jirgi a je a yi ta ba.

Su abin ya samo asali ne daga zaman masana'antu. Biranen arewacin Ingila irin su Mancesta a ƙarni na 19 hayaƙi ne da ƙuncin ɗakuna, ma'aikaci kwana shida yana cikin masaƙa, ranar hutu abin da yake nema shi ne iska da fili. Filayen kuma na masu ƙasa ne, sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin talaka ya samu haƙƙin bin hanyoyin ƙafa ko da sun ratsa gonar wani. Cikin mutum uku da suka kafa National Trust a 1895 akwai Hardwicke Rawnsley, limamin coci ne a nan gefen Keswick. A 1951 aka mai da yankin gandun ƙasa, a 2017 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, miliyoyin mutane ke zuwa duk shekara, har da tsofaffi sa'anninka da sandunansu biyu.

Sannan akwai abin da 'yarka ba lallai ta iya bayyana maka a waya ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu a can mutum kan shiga aji da duhu ya fito da duhu, yarinyar da ta tashi a ranar Kano wannan abin yana taɓa ta, barci ya rikice, jiki ya mutu, ƙunci ya zo ba dalili. Hukumar lafiyarsu ma tana ba kowa shawarar shan bitamin D a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara. Awa biyar a waje da ƙawaye cikin ɗan hasken da ya rage magani ne, ya fi mata zaman ɗaki da waya. Abin da ya kamata ka tambaye ta shi ne su nawa ne, ƙarfe nawa za su fara, tana da takalmin kirki kuwa. In ta ce babu, to ka san inda kuɗin wannan watan za su.

Tambaya: Ni a kiwo na tashi kafin boko ya kawo ni nan. Na ga tumakin wurin a bidiyo, furfura-furfura da farar fuska, an shafa musu fenti a baya, kuma ba makiyayi ba kowa suna yawo a kan dutse. Ba sa ɓata? Ba a sacewa?

Amsa: Ɗan'uwa kai ka fi kowa dacewa da zuwa a Nuwamba. Sunan irin Herdwick, kusan dukkansu a wannan yankin suke. Ɗan yakan zo baƙi ƙirin, in ya shekara ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya yi toka-toka, fuska da ƙafafu kuma fari. Gashin kaushi ne da shi, ba ya kuɗi, sai dai kafet da makamantansu, amma shi ke sa su kwana a kan dutse cikin ruwa da ƙanƙara.

Rashin ɓatan kuwa, kowace tunkiya ta san yankinta a kan dutsen da ba shinge, uwa ce ke koya wa 'yarta inda ake kiwo da inda ake fakewa in iska ta taso, ita ma ta koya wa tata, haka abin yake tafiya. Shi ya sa in gona ta canja hannu garken yakan zauna da gonar, don baƙuwar tunkiya ba ta san wurin ba. Shi ya sa kuma annobar ciwon baki da kofato ta 2001, wadda ta fi yi wa Cumbria, lardin da tafkin yake, ɓarna, ta tayar musu da hankali ƙwarai, garken da aka kashe ba a kasuwa ake sayo iliminsa ba. Fentin shaida ce kamar dai yadda dillalan ragunan layya ke shafa wa nasu a kara, kowace gona da launinta da wurin da take shafawa, ga kuma tsaga a kunne, duk an rubuta a littafin da makiyayan suke da shi tun ƙarni na 19. Ana sata jefi-jefi, amma ɓarawon zai sha wuyar sayar da tunkiyar da duk kwarin ya san ta wane ce.

A Nuwamba ake tattaro tumakin daga kan dutse a sauko da su filayen kwari a sake musu raguna, don haihuwa ta faɗo Afrilu zuwa Mayu lokacin da ciyawa ta fito. Za ka ga an shafa wa ragon kala a ƙirji, duk wadda ya hau sai ta fito da tambari a gindi, mai gona ya san wadda aka yi wa barbara. To filayen da hanyarka za ta ratsa cike suke, duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi yadda ka same shi, wannan kai ba sai an gaya maka ba amma ka gaya wa abokan tafiyarka.

Tambaya: Malam ya batun sallah da abinci? Kuma mu masu hijabi ba za a yi ta kallonmu ba?

Amsa: Sallolin a matse suke ƙanwata, azahar wajen sha biyu, la'asar tun kafin biyu, magariba kafin huɗu, ke nan biyu za su same ku a hanya ta ukun a bakin gari. Ku yi alwala kafin ku fito don ruwan tafkin yankan hannu yake, ku tafi da 'yar sallaya ta leda saboda ƙasa jiƙe take ko'ina, alƙibla kudu maso gabas. Daga Mancesta ko Bradford nisan ya wuce na ƙasaru, hukuncin haɗa salloli kuma ku ji ta bakin malaminku kafin ku taso.

Abinci ku yo guzuri. In za ku ci a gari kifi da dankali shi ne mai sauƙi, amma ku tambaya da wane mai suke suya kuma ko akwai giya a ƙullun, wasu na sawa. Tsiran nan mai naɗe da ake kira Cumberland wanda za ku gani a kowane allon abinci naman alade ne. Alawar Kendal kuma sukari ce da na'ana'a, tana taimako in ƙarfi ya ƙare.

Kallo kam za a iya yi, yankin ba kamar Bradford ba ne, baƙar fata ba ta da yawa. Amma al'adar hanya a can duk wanda kuka yi kiciɓis zai gaishe ku ya yi zancen yanayi ya wuce, ku amsa kawai. In kun fi son shiga ayari akwai ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, suna shirya irin wannan fitar a sassan Birtaniya. Mayafi mai tashi ku cusa shi cikin jaket saboda iska, doguwar abaya kuma a fadamar nan laka za ta kwaso har gwiwa, wando mai faɗi da doguwar riga iya gwiwa sun fi.

Tambaya: An ce akwai wani shaho mai kamun kifi a wurin da yake zuwa daga Afirka, zan gan shi?

Amsa: A Nuwamba a'a, kun yi saɓani. Tun 2001 suka dawo yin sheƙa a wajen tafkin Bassenthwaite, amma Satumba na yi suke kama hanyar Afirka ta Yamma, wajen su Senegal da Gambiya, sai ƙarshen Maris ko Afrilu su dawo. Abin da za ka samu yanzu agwagin ruwa ne masu nutso da suka zo cin sanyi, da dinya garke-garke a filayen bakin tafki, da zalɓe. In ka tsaya a kan gadar Grange ka ƙura wa ruwa ido wataƙila ka ga kifin salmon, lokacin hawansa kogi ne don zuba ƙwai. Jirgin ruwan da ke zaga tafkin cikin minti 50 zai kai ka kusa da tsuntsayen, sai dai a wannan lokacin ba kullum yake tashi ba kuma in ruwa ya haye matsaya ana soke shi, ka duba jadawalinsu da safen kafin ka dogara da shi.